Nazarin lamari: shekarar farko ta wata nas ta ɗakin haihuwa bayan komawarta babban birni

Matar da wannan nazari ya shafa nas ce kuma ungozoma, wadda ta shafe shekara 9 tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti kafin canjin wurin aikin mijinta ya sa ta tattara 'ya'yanta biyu ta koma babban birni. Ni aka ɗora wa alhakin nuna mata hanya a watanninta na farko a ɗakin haihuwar asibitinmu, kuma da izininta nake rubuta abin da ya faru, ba tare da ambaton sunanta ko na asibitocin biyu ba. Zan kira ta Sista, kamar yadda kowa yake kiranta a ɗakin. Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci rubutu shi ne, duk wanda ya duba takardunta ranar da ta zo zai ce ba ta da sauran abin koyo, ni ma haka na ɗauka, amma cikin mako shida ta kai ga rubuta takardar ajiye aiki ta saka a jaka.

Inda ta fito

A tsohon wurin aikinta, idan dare ya yi, ita kaɗai ce ma'aikaciya mai lasisi a ɗakin haihuwa, sai mataimakiya guda. Likita yana gida, sai an kira shi, kuma kafin ya iso sau da yawa an riga an gama abin da za a yi. Duk matar da ke buƙatar tiyata sai an rubuta mata takarda an tura ta gaba. Wannan yanayi ya horar da hannunta fiye da yadda kowace makaranta za ta iya. Ta iya nemo jijiya a hannun matar da jini ya riga ya tsiyaye mata, ta iya ciro mabiyiyar da ta maƙale, ta iya ɗinke ƙari da yagewa, ta iya hura wa jaririn da ya fito bai yi kuka ba iska cikin mintin farko na rayuwarsa. Da ƙahon sauraro na Pinard take jin bugun zuciyar ɗan da ke ciki, kunnenta kuwa ya saba har takan gane bugun ya ragu kafin ta duba agogo. Bayan wannan kuma ta san wurin kamar tafin hannunta: ta san aljihun teburin da kowace allura take, ta san direban da zai ɗauki waya da ƙarfe biyun dare, ta san yawancin matan tun daga ranar da suka fara zuwa awo.

Samun aiki a birni bai ba ta wahala ba. Rahoton da aka fitar a 2021 kan halin da aikin ungozoma yake ciki a duniya ya nuna cewa ana da giɓin ungozoma kusan 900,000, saboda haka mai shekara 9 a ɗakin haihuwa ba ta daɗewa tana yawo da takardu. Abin da ya ja lokaci shi ne tantance lasisinta da karɓo shaidar aiki daga tsohon wurin, wanda ya jinkirta albashinta na farko daidai lokacin da kuɗin haya da na makarantar yara suka taso tare. Duk da haka nata da sauƙi, domin a cikin ƙasa ɗaya ta yi ƙaura. A ƙasa irin Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisinta, ko da yake jihohi da dama sun ƙulla yarjejeniyar amincewa da na juna, kuma a can nas ta ɗakin haihuwa ita ce mai kula da naƙuda, likita ko ungozoma ke karɓar haihuwar. A Ingila kuwa ungozoma sana'a ce mai rajistarta daban. Mai shirin ƙaura tana buƙatar ta tambayi wannan tun kafin ta ɗaure kaya.

Gidan da ta kama

Zan daɗe a kan batun gida, domin a ganina daga nan matsalar ta faro, ko da yake babu wanda zai rubuta shi a fayil ɗin majinyaciya. Sista da mijinta sun kama gida a bayan gari, inda haya ta fi sauƙi kuma ɗakuna suka fi yawa. Ranar da suka je dubawa ranar hutu ce, hanya fayau, suka iso asibiti cikin minti 40. A ranar aiki wannan tafiya takan ci awa biyu, wani lokaci har da ɗoriya, da sauya mota sau biyu a hanya.

Ga yadda aikin dare ya kasance mata. Ana tashi da ƙarfe 8 na safe a rubuce, amma miƙa aiki gado bayan gado da kammala rubutu ba sa barinta ta fita kafin 9. Takan isa gida wajen 11, ta kwanta da rana tsaka, yara su dawo daga makaranta da ƙarfe 2, sannan ta sake kama hanya da ƙarfe 5 na yamma don kada cunkoson motoci ya sa ta makara. Barcin awa uku ke nan, idan an yi sa'a. A garin da ta baro akwai 'yan'uwa da maƙwabtan da ke ɗauke mata yaran ta samu ta runtsa, a nan kuwa ko sunan maƙwabciyarta ba ta sani ba tukuna. Ba ta faɗa wa kowa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Takardar ɗaukar aiki tana da gurbin adireshi, amma babu gurbin da ke tambayar awa nawa ne tsakanin gadon ma'aikaciya da gadon majinyaciya.

Ɗakin da ta tarar

Haihuwar da take karɓa a wata guda a can, a nan cikin 'yan kwanaki ake yin ta, kuma da yawa daga cikin matan waɗanda aka turo ne daga ƙananan asibitoci bayan abu ya riga ya ɓaci: doguwar naƙuda, jijjiga, zubar jini, mahaifar da ke shirin fashewa. A taƙaice, ta koma wurin da a da take turo matan da suka gagare ta.

Bambancin aiki ya bayyana a ƙananan abubuwa. Ta saba bayar da magnesiyam salfet ga mai jijjiga bisa tsarin Pritchard, wato giram 4 ta jijiya da giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɓangare, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Mu kuwa tsarin Zuspan muke bi, giram 4 ta jijiya sannan giram 1 kowace awa ta famfon ƙarin ruwa, na'urar da ba ta taɓa saitawa ba. Ta saba da tsohuwar takardar bin naƙuda wadda ake fara cikewa idan bakin mahaifa ya buɗe santimita 4, ana sa ran ƙarin santimita ɗaya kowace awa. Mu mun riga mun koma ga jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wadda ta ginu kan shawarwarinta na 2018 cewa naƙuda mai ƙarfi tana farawa ne daga santimita 5, kuma rashin buɗewar santimita ɗaya a awa shi kaɗai bai isa dalilin ɗaura ruwan naƙuda ko shiga tiyata ba. Rubutu kuma a kwamfuta ake yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinta, sai dai waɗanda za su koya mata yara ne da suka gama makaranta shekara biyu ko uku da suka wuce, ita kuwa ta saba ita ake tambaya. Sai ta ɗauki hanyar kallo daga gefe tana kwaikwayo, maimakon ta buɗe baki ta ce ba ta sani ba.

Daren mako na shida

Darenta na huɗu ke nan a jere. An ba ta wata mata mai haihuwa ta shida, wadda naƙudarta ta yi tsawo har aka ɗaura mata ruwan naƙuda, abubuwan da duk ungozoma ta san suna gajiyar da mahaifa. Matar ta haihu da ƙarfe 3:10, jariri babba, lafiya lau. Sista ta yi mata allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke, ma'auni 10 kamar yadda aka tsara, mabiyiya ta fito. Bayan kamar minti goma sha biyar jini ya ɓalle.

Duk abin da ta yi daga nan daidai ne. Ta ɗora hannu a mara ta ji mahaifa ta saki, ta yi laushi, ta murza ta har ta ɗan tsuke. Ta sa robar fitsari ta zubar da abin da ke mafitsara, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. Ta sake duba mabiyiya ko wani yanki ya rage a ciki, ta duba ko akwai yagewa, ta ƙara oksitosin a cikin ruwa, ta kama jijiya ta biyu. Sai dai ɗaya bayan ɗaya ta yi su, ita kaɗai, kuma duk lokacin da ta ɗauke hannu daga marar don ta yi abu na gaba, mahaifar takan sake saki. A ƙarƙashin matar akwai ledar nan mai ma'auni da muke shimfiɗawa don tara jini, jinin ya riga ya haye layin mililita 500, amma Sista ba ta dubi layin ba, zanin gado take kallo, domin da ido ta saba ƙiyasi, ido kuwa an daɗe da sanin yana rage yawan jinin da ya zuba. Da ta tuna da taraneksamik asid, maganin rage zubar jini, sai ta nufi kabad ɗin magani ta tarar da shi a kulle, alhali maganin yana cikin akwatin gaggawa na zubar jini, taku biyar daga bakin gadon. Ƙararrawar neman agaji tana jikin bango daidai kan majinyaciyar, ba ta taɓa ta ba.

Wata ɗaliba ce da ta leƙo neman safar hannu ta ga jini yana ɗiga ƙasa ta danna ƙararrawar da ƙarfe 3:50. Cikin minti biyu mutum biyar suka cika ɗakin. Aka auna jinin da ya zuba ya kai mililita 1,300. Abin lura a nan shi ne, da aka zo matse mahaifa da hannu biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta kan mara, Sista ce ta yi, ta riƙe har likita ya gama shiri, kuma ban taɓa jin an yaba wa wani a ɗakin kan wannan aiki kamar yadda likitan ya yaba mata washegari ba. An ƙara wa matar jini leda biyu, ba a kai ga cire mahaifa ba, ta koma gida da ɗanta bayan kwana huɗu.

A zaman bitar da aka yi, Matiron, shugabar nas-nas, ta tambaye ta cikin natsuwa: "Sista, me ya hana ki danna ƙararrawa?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "Ranki ya daɗe, wallahi bai zo mini a rai ba. Shekara tara ban taɓa kira an zo kafin in gama ba."

Abin da nazarin ya nuna

Wannan amsa ita ce zuciyar lamarin. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine sun bayyana jinkiri iri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Na ukun ne ya faru a ɗakinmu, a asibitin da ke da likita, da jini, da magani, da ɗakin tiyata a buɗe. Mahaifar mai cikin da ya isa haihuwa tana karɓar jini rabin lita ko fiye a kowane minti, saboda haka minti 25 ba ƙaramin lokaci ba ne.

Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya nuna cewa auna jini da leda mai ma'auni, tare da yin dukkan matakan farko a lokaci ɗaya, wato murza mahaifa da ba da oksitosin da taraneksamik asid da ƙarin ruwa da bincika dalili da kiran na gaba, ya rage mummunan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100. Kafin shi, binciken WOMAN na 2017 a kan mata kimanin 20,000 ya nuna cewa giram 1 na taraneksamik asid yana rage mutuwa daga zubar jini idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Yin abubuwa a lokaci ɗaya kuwa sai da hannuwa da yawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sista ta ƙware ne a tsarin da mutum ɗaya ke bi idan ya san babu mai zuwa, kuma wannan tsari ya ceci mata da yawa a inda ta fito. Da gajiya ta yi mata yawa, a sa'ar da idon ɗan Adam ya fi nauyi, jikinta ya koma ga abin da ya sani.

Laifin da ya fi girma, a ra'ayina, namu ne, kuma nawa yana ciki. An nuna mata ƙararrawar da akwatin gaggawa a ranar farko, cikin zagaye guda da aka nuna mata abubuwa kusan arba'in. Sabbin da suka fito daga makaranta mukan sa su atisayen zubar jini kafin a bar su da majinyaciya, ita kuwa muka tsallake mata saboda girmama shekarunta, muka gajarta mata lokacin sabawa saboda jadawalin aiki yana da giɓi. Mun ɗauka ƙwarewa kaya ce da ake ɗaurewa a zo da ita gaba ɗaya. Rabinta da ke hannu da kunne ya biyo ta, amma rabin da ya ƙunshi sanin waye, da ina, da minti nawa, ya tsaya a can.

Gyaran da aka yi

Ni ta fara nuna wa takardar ajiye aikin, na roƙe ta ta ba mu wata uku. Aka daina ba ta fiye da dare uku a jere. Ta shiga atisaye tare da ɗalibai, abin da ya yi mata nauyi a karon farko. Ta sayi ƙaramin littafi ta rubuta lambar kowane sashe, muka taka da ƙafa daga ɗakin haihuwa zuwa ma'ajiyar jini da ɗakin tiyata da ɗakin jarirai muna duba agogo. Ta koyi yadda ake kiran likitan da bai san muryarka ba: halin da ake ciki, ɗan tarihin majinyaciya, abin da ka gano, da abin da kake so ya yi, duka cikin rabin minti. Da wa'adin haya ya cika kuma suka koma wani gida mai ɗakuna kaɗan kusa da asibiti, wanda ya fi tsada amma ya mayar mata da kusan awa uku a kowace rana.

A wata na huɗu wani abu ya faru da ya sauya yadda ɗakin yake kallonta. An turo wata mai cikin fari da zazzaɓi bayan faya ta daɗe da fashewa, aka ɗaura mata na'urar da ke zana bugun zuciyar jariri a takarda. Zanen yana nuna bugu wajen 120 a minti, wanda yake cikin iyakar 110 zuwa 160 da ake so, kowa ya wuce hankali kwance. Sista ta zo karɓar aiki, ta kama wuyan hannun matar kamar yadda ta saba yi wa kowa, sai ta ji bugun da ke ƙarƙashin yatsunta yana tafiya daidai da ƙarar na'urar. Zazzaɓi ya ɗaga bugun zuciyar uwar, na'urar kuma shi take zanawa. Ta ciro ƙahonta daga aljihu, wanda yaran ɗakin suka sha yi wa dariya, ta kafa kunne ta ƙirga, na jaririn bai kai 90 ba. A wannan karon hannunta na hagu yana kan ƙararrawa tun kafin ta ɗago kai. An ciro jaririn ta tiyata cikin rabin awa, makinsa a ma'aunin Apgar, wanda ake auna lafiyar sabon jariri da shi, 4 ne a minti na farko, ya hau 8 a na biyar. Daga ranar aka mayar da shi doka a ɗakin cewa duk wadda ta ɗaura na'urar sai ta haɗa da jin bugun uwar da hannu, kuma Sista aka ba koyar da ɗalibai sauraro da ƙaho.

Akwai abin da har yanzu bai gyaru ba. A can takan ga mace tun cikinta yana wata uku, ta karɓi haihuwarta, ta sake ganinta ranar rigakafin yaro. A nan mace takan zo mata da naƙuda a tsaye, suna da lamba a allon kwamfuta, a mayar da ita wani ɗaki bayan awa biyu, a sallame ta washegari. Ta taɓa tambayata ko na san yadda jaririn nan na tiyata ya ƙare bayan an fitar da shi daga ɗakin jarirai, na bincika na tarar an sallame su lafiya, lambar wayar da ke fayil ɗin kuma ba ta shiga. Ta rubuta takarda tana neman a riƙa ba ta rana ɗaya a mako a sashen awo, domin ta san fuskar wasu daga cikin matan kafin su iso mata. Matiron ta amince da baki, ta ce sai an samu wadda za ta cike gurbinta a jadawali, kuma wata biyar ke nan takardar tana kan teburinta.